Takabar Marka Mai Sanya

Bangon da ya raba ɗakin Marka da na ɗanta bulo ɗaya ne na siminti, irin wanda aka fara yayi a Talata Mafara tun zuwan kamfanin dam. A tsohon gidanta na gefen Maradun katangar ƙasa ce mai kauri, ko jaki ya yi kuka a bayanta sai ka ji shi can nesa. Nan kuwa ko cokali ya faɗi sai ta ji. Shi ya sa da hantsin nan, tana zaune a tabarma da carbi a hannu, faɗan Nasidi da matarsa Habiba ya shigo mata kamar a gabanta ake yi.

"Ni na gaji da ba mutane haƙuri," in ji Habiba. "Tun sahe mata ka zuwa, kowace da ɗiya kai duk makero. In ce musu mi? Tandu ya ƙare, ko na lakata babu."

"Rage murya, tana ji."

"To ta ji mana! Kai dubi ƙahwahunka. Yatsu sun yi hwari sun tsattsage kamar rogon da anka jiƙa, kana ɗingishi zuwa aiki, alhali uwarka ad da maganin cin ruwa duk ƙasar ga."

"Takaba takai, Habiba. So kikai ta hita daji?"

"Ban ce ta hita ba. Ta hwaɗi wurin. Kai da bakinka ka ce injuna sun gama da gonakin Bakura sun juyo nan. In sunka kai ga iccen fa? Sai ta zauna da sirrinta, mu zauna da ƙaiƙayi?"

Nasidi ya juya ya tafi. Marka ta ji jan takalminsa, ƙafa ɗaya tana bin ɗaya da kyar, har ya fita zaure. Ta duba carbin, ta rasa inda ta tsaya.

Duk wanda ya tashi tsakanin Bakura da Maradun a shekarun nan ya san Marka Mai Sanya, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba, ya san warin manta a kan yara. A wani ƙauye kusa da Bakura aka haife ta. Ƙanwar ubanta, Gwaggo Asma'u, ita ta ɗauke ta riƙo tun ba ta iya ɗaura zane ba, ita kuma ta riƙa jan ta daji tana nuna mata itatuwa. Ta san marke, ta san sabara da giyayya, amma waɗannan kowa ya san su. Abin da ya raba gidan Asma'u da sauran masu magani shi ne sanya, wadda wasu ke ce wa uwar magunguna. Ba babban itace ba ce. Jikinta fari-fari ne mai santsi, gab da damina ta yi fure ja-ja mai shuɗi-shuɗi har ƙudan zuma su rufe ta, 'ya'yanta kuma kowane da fiffike guda. Amma aikin yana ƙasa. In aka kankare ɓawon saiwarta, ƙamshi ke tashi mai shiga hanci kamar man zafi na kanti.

Marka takan shanya ɓawon a inuwa, ta daka, ta kwaɓa da man kaɗe, ta ɗura a tandu. Da shi take shafa wa makero da ƙyasbi da cin ruwa. Ba ta taɓa yarda a sha ba, ta ce wannan ba fanninta ba ne, ta kuma ga wanda ya sha ya wahala. Abin da take alfahari da shi, wanda takan nuna wa mata in ta so burge su, shi ne man kansa. Man kaɗe zalla in ya kwana biyu a zafin bazara sai ya fara wari, wani lokaci fumfuna ta hau bakin tandun. Wanda ta kwaɓa da sanya kuwa yakan kai wata da watanni yana nan lafiya. Takan ce abin da ya hana mai lalacewa shi zai hana fata.

Gwaggo Asma'u ba ta bar mata gona ba, ba ta bar mata akuya ba. Ta bar mata wurare uku da sanya take, da yadda ake ɗiba. Ba a zuwa da gatari. Da tsinin itace ake tonawa daga gefe, a bi saiwa ɗaya daga masu rarrafe, a yanke ta, a bar uwar saiwar da ta nutse ƙasa. Sai a mayar da ƙasa, a danne da dunduniya, a juye mata ragowar ruwan gora. Wadda aka taɓa bana ba a koma mata sai damina biyu ta wuce. Sanya ba ta son dashe, irinta ma sai ya ga dama yake tsirowa, saboda haka wadda ta mutu ta tafi ke nan.

Aure ya kai ta gefen Maradun, gidan Bawa, mai noman fadama da ɗan su in ruwa ya ja. Mutum ne mai sanyin hali. Ya ci tuwo mai sanyi ba adadi saboda matarsa tana daji, abokansa suna yi masa ba'a cewa a gidansa namiji ke jiran mace ta dawo, shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da gyaran komarsa. Marka ta ɗauki wannan haƙuri kamar ruwan randa, kullum yana nan, ba a yi masa godiya.

Sai dam ya zo. Ruwa ya taso a hankali, ya ci fadamar Bawa, ya ci gidan, ya ci kushewar iyayensa, ya ci wurin sanya na farko da ke bakin gulbi. Suka tattaro suka dawo Talata Mafara wurin Nasidi, wanda ya samu aikin lebura a magudanan ruwa. Wuri na biyu yana cikin gonakin Bakura. Marka ta je wata safiya ta tarar da fili shafe kamar faifai, babu ko kututture, injin mai haƙora yana hutawa a inda take saba ajiye gorarta. Saura ɗaya. Kuma a daidai lokacin ne masu nema suka ninka, don tun da aka fara noman shinkafa a ruwan kwance, mutane ke wuni tsaye cikin laka, yatsunsu suna ruɓewa.

Ranar da Bawa ya cika tana wurin na uku. Ta bar shi da safe yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi, ta ce zai wuce, ta ɗauki gora. Ta dawo da yamma da ƙullin saiwa a kai, ta hango tabarmi a ƙofar gida. Babu wanda ya ce mata komai. Amma ta ga matan da suka zo gaisuwa suna kallon ƙullin.

Shi ya sa da Nasidi ya je wurin Malam Abdulhamid, limamin unguwa, ya dawo da amsar cewa mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, muddin za ta kwana a ɗakinta, Marka ta ce a'a. Ta ce ita ba ta son sauƙin malaman zamani. Habiba ta ɗauka tsoron Allah ne, har ta ji kunyar maganganunta. Marka kuwa ta san abin da take tsoro. Bakin matan nan ne. Ba ta zauna da Bawa yana raye ba, dole a ga ta zauna masa yanzu, ko da daji zai ƙone.

Amma dajin bai bar ta ta zauna ba. Kullum iska ta juyo daga yamma sai ta kawo gurnanin injuna, ta kasa gane ko sun matso ne ko kunnenta ne. In tana salla sai ta ga 'ya'yan sanya suna lilo a rassa, yadda ta bar su ba su gama bushewa ba. Yanzu sun bushe. Yanzu ne lokacin tara su. Takabarta kuwa ko rabi ba ta yi ba.

Akwai wadda za ta iya aika, kuma ta san haka sarai. Taiba maƙwabciyarsu ce tun a Maradun, ruwa ya koro su tare, yanzu ma lungu ɗaya ya raba su. Shekara da shekaru tana bin Marka daji tana ɗaukar mata kwando, har hannunta ya iya tono, ya iya bin saiwa ba tare da ya ji mata ciwo ba. Marka ta nuna mata wuri na farko, ta nuna mata na biyu. Duk lokacin da aka zo kan na uku sai gwiwa ta tashi, a fasa tafiya, bayan kwana biyu kuma Marka ta sulale ita kaɗai da asuba. Takan gaya wa kanta cewa wuri in ya shiga baki biyu ya shiga kasuwa. Amma Taiba ba mai surutu ba ce, kuma Marka ta san wannan ma. Abin da ba ta so ta kalla shi ne, ranar da Taiba ta san tudun, mata za su daina tsayawa a wannan ƙofa. A gidan ɗanta take, a garin da ba nata ba, ba miji, ba gona. In aka cire sanya daga sunanta, me ya rage? Tsohuwa mai cin tuwon suruka.

Nasidi bai san saiwa ba. Ko an nuna masa wurin, dole ya dawo da abin hannunta.

Da yamma ta ce wa Habiba, "Ki ce ma mai gidanki shi zo."

Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba. Tun yana yaro in ya yi abin kirki sai dai ta gaya wa wani a inda zai ji. Ya zo ya tsuguna a wajen ƙofa, kansa a ƙasa. Ita kuma ta juya fuska ga bango, ta yi magana da ƙaramar murya irin ta mai takaba.

Kwatancen hanya ta yi shi dalla-dalla. A bi hanyar Bakura, a saki titi wajen wata tsamiya mai rabin jiki a ƙone, a hau tudun duwatsu inda kashin maƙera, ragowar ƙarfen da mutanen dauri suka narka, yake zube, wurin da makiyaya ba sa son tsayawa. A bayansa itatuwan suke.

"Ɗiyan iccen nika so," ta ce. "A tara su cikin ƙwarya. Saiwa kuma guda ga kowace, ta gehe. A mai da ƙasa."

Da Taiba ce, da wannan ya isa. Shi kuwa akwai abin da ya kamata ta ƙara, dalilin kowace ƙa'ida, abin da Gwaggo Asma'u ta ɗauki shekaru tana zuba mata. Ta buɗe baki, ta ji nauyin doguwar magana da shi, ta rufe.

"To, Inna," in ji Nasidi. Ya ƙara sunkuyar da kai. Bai taɓa jin ta ba shi amanar abin da ya fi sayen gishiri ba.

Ranar Lahadi, da ba a aiki, ya fita tun da sassafe. Marka ta kasa karyawa. Ta zauna, ta tashi, ta gyara shimfiɗar da ba ta ɓaci ba. Ko zai gane tsamiyar? Ko wani zai bi shi? Ko ya tarar injin ya riga shi? Da rana ta take sai ga sallamar Taiba, ɗauke da ƙwaryar fura. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya haƙuri, ya zafi, ya ƙafa, ya yara, Allah shi jiƙan Malam Bawa. Taiba ta dama furar da kanta ta tura mata.

"Gwaggo, kin rame. Ko tunanin daji na?"

"Wane daji? Daji ya ƙare."

"Bai ƙare duka ba." Taiba ta gyara zama. "Jibrin ƙanena, wanda ka riƙa ma masu awo sanda, shi ya ce mini ba ko'ina injin ka shiga ba. Inda ruwa ba shi iya hawa, ba su ɓata mai. Duk wani tudu mai dutse kewaye shi sukai, su kahwa turaku a gindi, su wuce. Na ce bari in hwaɗa miki, ko hankalinki shi kwanta. In wurin naki bisa tudu yake." Ta ɗan yi dariya. "Ni dai ban sani ba, tunda gwiwa ba ta taɓa bari munka je ba."

Marka ta ajiye ludayin. Ashe babu gaggawa. Ashe da ta yi shiru ta ƙarasa takabarta, da ta je ta tarar da su. Ta so ta ji daɗi, amma ta kasa. Nasidi a cikin injunan nan yake wuni. Ya ga yadda suke kwantar da kuka mai shekara ɗari kafin a sha ruwa. In ya je ya ga turaku a gindin tudun, me zai karanta a jikinsu? Kuma da ya fita da safe, ta ji ƙarar ƙarfe ya bugi bakin zaure. Ta ce wa ranta fartanya ce.

"Ki zauna, Taiba," ta ce. "Kada ki tahi tukuna."

Bayan la'asar mota ta tsaya a bakin lungu, babba, irin mai juye ƙasa. Kafin a yi sallama ƙamshin ya riga kowa shigowa. Marka ta saba da shi a ƙulli, ɗan kaɗan, sai ka kai hanci. Wannan kuwa ya cika tsakar gida, ya shiga ɗaki, ya sa idonta ruwa. Ta dafa bango ta miƙe ta leƙa.

Nasidi ne a gaba da buhu a kafaɗa, abokan aikinsa biyu a baya, kowa da nasa, ɗaya yana jan diga da shebur. Suka koma suka ƙaro. Da buhunan suka ƙare sai suka fara shigo da saiwoyin a hannu, manya, masu kaurin cinya, farare a inda diga ya sare su. Habiba ta kama baki don kada murna ta fito a gidan makoki, amma idonta ya faɗa.

Nasidi ya zo ya tsuguna a inda ya tsuguna rannan. Gumi ya wanke shi, yatsun ƙafarsa suna jini ta cikin takalmin roba.

"Inna, mun iske turaku har sun kewaye tudun. Na ce in munka ɗauki guda-guda, saura na wa? Shi ya sa na koma na kira su Magaji, munka roƙi direba. Kamar gero na, in ruwa za shi ci gona ai ba a barin zangarniya."

"Ɗiyan fa?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Suna can ga rassa. Rana ta yi, na ga saiwa ta fi."

"Guda nawa kunka bari tsaye?"

Ya ɗago kai, karo na farko, ya dube ta.

"Ba mu bar ma injin komi ba, Inna."

Kowa a tsakar gidan yana jiran ta. Marka ta dubi tarin. Ƙarfin sanya a ƙamshinta yake, ƙamshin kuma ba ya zama. Wannan da ya cika gida yau, tafiya yake yi. Kafin baɗi war haka buhunan nan sun zama itacen hura wuta. Ta dubi ɗanta, mutum mai 'ya'ya, yana tsugune kamar yaron da ya kawo tsuntsun da ya harbo. Me za ta ce masa? Abin da ba ta koya masa ba? Ita ta zaɓe shi, kuma don rashin saninsa ta zaɓe shi.

"Sannunku da aiki," ta ce. "Allah shi yi albarka."

Fuskarsa ta washe. Ya tashi yana ce wa Habiba ta kawo wa baƙi ruwa.

Taiba ta tashi. Ta je ga tarin, ta ɗauki uwar saiwa ɗaya, ta juya ta, ta shafa wurin saran da babban yatsa, ta ajiye a hankali kamar mai kwantar da jariri. Ta ɗauki ƙwaryarta ta yafa gyale.

"Gwaggo, ni zan koma. Allah shi ƙara haƙuri."

Marka tana jin takunta yana nisa. Rassan suna can a yashe da 'ya'ya a jikinsu, gobe ko jibi masu neman itacen girki za su bi sawun motar su kwashe. Ramukan suna buɗe. Diga ba ya fitar da saiwa duka, dole akwai guntaye a ƙasa, kuma ta taɓa ganin guntu ya tofo in an rufe shi da wuri. Amma zafin nan na bazara ba zai ba su kwana da yawa ba.

Ta fito daga ɗaki ba takalmi. Ta ratsa tsakar gida, ta wuce mazan da ke shan ruwa, suka sunkuyar da kai. Tun ranar rasuwa ba ta taka zauren nan ba. Ta tsaya daidai dokin ƙofa, yatsunta a kan itacen, ba ta tsallake ba.

"Taiba."

Taiba ta juyo daga tsakiyar lungu, ta dawo.

Marka ta gaya mata hanyar Bakura, da tsamiyar, da kashin maƙera. Ta ce ta tafi da asuba da gora biyu, ta fara da rufe ramuka kafin ta taɓa rassa, ta tara 'ya'yan ko da na ƙasa ne, ta tona wa rabinsu wuri a nan inuwar duwatsu. Taiba tana gyaɗa kai, idonta a ƙasa.

"Na ji, Gwaggo. Na gode."

"Kada ki gode," in ji Marka, ta riƙe ƙofar da hannu biyu. "Aro na ba ki. Ranar da na hita takaba zan zo in duba ko kin iya ruhe rami."